Kananzir Ya Ƙare, An Kawo Sabo, Amma Boilar Ɗumama Gida Ta Ƙi Tashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a wani ƙauye kusa da garin Omagh a Ireland ta Arewa tare da maigidana da yaranmu biyu, babban yana da shekara 4, ƙaramar kuma wata 8, kuma wannan ne hunturunmu na farko a gidan da ake ɗumamawa da kananzir. Maigidana ya tafi gida Najeriya saboda rasuwar mahaifinsa, ni kuwa ban taɓa leƙa tankin da ke bayan gida ba sai da muka wayi gari ɗakuna sun yi sanyi ƙalau. Na sayi lita 300 an kawo jiya, amma boilar ta ƙi tashi. Takan yi ƙugi na ɗan lokaci, sai ta yi shiru, wani jan maɓalli ya kama wuta. Na danna shi ya kai sau takwas, yanzu kuma ina jin warin kananzir a ɗan ɗakin da take ciki, kusa da kicin. Ina jin kunyar gaya wa mamallakin gidan, ina tsoron kada ya ce na lalata masa kaya, kuma ba na so in ɗaga wa maigidana hankali yana cikin zaman makoki. Wata ƙawata ta ce noti ɗaya kawai ake kwancewa, in gwada da kaina. A daren jiya har na yi tunanin hura gawayi a kaskon turare saboda yara. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan surukinki, Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya dawo da maigidanki lafiya. Kafin in shiga bayani ina roƙonki abu biyu, kuma ina so ki yi su tun kafin ki gama karanta wannan amsa. Na farko, ki je ki kashe wutar lantarkin boilar daga makunninta na bango, ki buɗe taga ko ƙofar wajen ɗakin da take ciki domin warin ya fita, kada kuma ki sake taɓa jan maɓallin nan. Na biyu, ki cire maganar gawayi daga ranki gaba ɗaya.

Zan fara da gawayin saboda shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki. A gida mun saba da kasko a tsakar gida ko a ɗaki mai kafofin iska ta ko'ina, amma gidajen wannan ƙasa an gina su ne domin su riƙe ɗumi, tagoginsu gilashi biyu ne, ƙofofinsu kuma a toshe suke da roba, saboda haka duk abin da gawayi ya fitar a ciki yake zama. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, irin wadda muke jin labarin ta hallaka iyali sukutum a Najeriya idan an kwana da janareta a cikin gida. Takan fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, mutum ya ɗauka mura ce ko gajiya, jariri kuwa ba shi da bakin da zai ce kansa yana ciwo. Haka hukuncin yake ga barin murhun gas a kunne ko buɗe ƙofar tanda domin ɗumama ɗaki. Abin da ya dace a daren yau shi ne hita ta lantarki, ko ta aro ce daga maƙwabta, ki tattara yaran a ɗaki ɗaya ki rufe ƙofa, ki jona hitar kai tsaye a soket ɗin bango, ki nisanta ta da labule da bargo, kada kuma ki shanya kaya a kanta. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana ba da shawarar ɗakin da ake zama ya kai digiri 18 a ma'aunin Salshiyos, ɗakin barcin jariri kuma tsakanin 16 da 20, saboda haka ba sai ɗakin ya yi zafi kamar Maris a Sakkwato ba. Ki sa wa jaririyar kaya marasa nauyi bisa juna maimakon ki lulluɓe ta da manyan barguna. Idan wani a cikinku ya fara ciwon kai ko amai ko barcin da ba a saba gani ba, ku fita waje nan take ki kira lambar gaggawa, 999.

Game da boilar kuwa, ki kwantar da hankalinki, domin bisa abin da kika bayyana alamu sun nuna ba lalacewa ta yi ba, iska ta sha. Duk wanda ya taɓa zama kusa da injin niƙa mai amfani da man dizal, ko babban janareta, ya san wannan lalurar: idan aka bari mai ya ƙare ƙaf, ko an cika tanki injin ba ya tashi, sai mai injin ya ɗauko sifana ya sassauta wani noti a jikin famfon mai, kumfa ta yi ta fita har sai tsantsar mai ya biyo baya, sannan ya ɗaure ya tayar. Boilarki ma haka take. Tsakanin tankin da ke bayan gida da boilar akwai siririn bututu, sau da yawa a binne a ƙasa, kuma a lokacin da man ya ƙare famfon ya ci gaba da zuƙa har ya cika bututun da iska. Sabon man da aka zuba yana nan a tanki, amma iskar ta tsaya tsakaninsa da famfon, famfon kuma an ƙera shi ne domin tura ruwa-ruwa, ba ya iya kama iska ya tura ta da ƙarfin da ake bukata. Wannan abu ne da ke faruwa kullum a inda kike, domin fiye da rabin gidajen Ireland ta Arewa da kananzir ake ɗumama su, musamman a ƙauyukan da bututun gas bai kai ba, kuma masu gyara suna ganin irinsa a kowane hunturu daga mutanen da aka haifa a ƙasar suka kuma tsufa a cikinta.

Yana da kyau ki san abin da ke faruwa a cikin akwatin nan a duk lokacin da kika ji ƙugi, domin da shi za ki gane dalilin da na hana ki danna maɓallin. A ƙasan boilar akwai ɓangaren da masu gyara suke kira bona, wato injin da ke hura wutar. Idan aka tayar da shi, fanka ce take fara juyawa na 'yan daƙiƙoƙi ta kore tsohuwar iska daga ɗakin wuta, ƙugin da kike ji ke nan. Daga nan sai famfo ya matso kananzir da ƙarfi ta wata 'yar ƙaramar kafa da ake kira nozul, ya fito kamar feshin turare, wasu ƙarafa biyu kuma su yi tartsatsi su kunna shi. Akwai wani ɗan ido na lantarki da aikinsa kawai shi ne ya duba ko wuta ta kama. Idan daƙiƙoƙi kaɗan suka wuce bai ga haske ba, sai ya sa a tsayar da komai, jan maɓallin ya kama wuta. Ke nan jan hasken ba alamar lalacewa ba ne, alama ce cewa na'urar tsaron tana aikinta yadda ya kamata, ta ƙi yarda a ci gaba da fesa mai a wurin da babu wuta.

Duk lokacin da kika danna maɓallin, umarni kike ba injin ya sake gwadawa. Sau ɗaya ko biyu babu laifi, abin da aka yi maɓallin dominsa ke nan, kuma shi ya sa masu gyara suke cewa kada a wuce haka. Amma idan aka yi ta maimaitawa, ɓarna biyu ce take iya biyowa baya. Ta farko, kananzir ɗin da kansa shi ne yake zame wa haƙoran famfon man shafawa, saboda haka juya shi a bushe yana cinye shi, kuma sauya famfo ya fi fitar da iska tsada nesa ba kusa ba. Ta biyu ita ce ta fi haɗari: bututun ba iska zalla ba ce a cikinsa, akwai guntayen mai a tsakani, kuma kowane gwaji yana iya fesa kaɗan a ɗakin wuta ba tare da ya ƙone ba. Idan ya taru, ranar da wutar ta kama za ta kama ne da duk abin da ya kwanta a wurin, sai a ji ƙara mai ƙarfi, boila ta yi ta rugugi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Kin danna sau takwas, kina kuma jin wari, boilar tana cikin gida kusa da kicin, ga yara ƙanana kuma ke kaɗai ce babba a gidan. Da waɗannan dalilai nake ce miki a wannan karon kada ki kwance notin da kanki. Ƙawarki ba ƙarya ta yi ba, noti ɗaya ne, kuma da a ce tun farko kika tambaye ni kafin ki danna ko sau ɗaya, da wataƙila amsata ta bambanta. Amma yanzu aikin ya wuce fitar da iska, ana bukatar wanda zai zaro bonar ya leƙa ɗakin wuta ya tsane abin da ya taru kafin a tayar, kada garin neman gira a rasa ido.

Akwai abubuwan da za ki iya dubawa da ido kafin mai gyara ya zo, ba tare da kin riƙe ko sukudireba ba. Ki zagaya bayan gida da rana ki duba ƙasan tankin, inda bututu ya fito, za ki ga bawul, wato abin da ake murɗawa a buɗe hanyar mai ko a datse ta, da wani ɗan kofi wanda matatar mai take ciki. Ki tabbatar bawul ɗin a buɗe yake, domin wani lokaci akan rufe shi a manta. Ki duba ƙasar wurin da bin hanyar bututun, ko akwai danshi mai maiƙo, ko ciyawar da ta mutu ita kaɗai a tsakiyar kore, ko wari mai ƙarfi. Ki kuma duba ƙasan boilar ko mai ya kwanta. Wannan dubawar tana da muhimmanci saboda tambayar da ba ki yi ba: shin man ya ƙare ne don kun ƙone shi, ko kuwa yoyo ya yi, ko an sace? Satar kananzir daga tankunan bayan gida sananniyar matsala ce a karkarar Ireland, yoyo kuma idan ya shiga ƙasa ko magudanar ruwa babbar magana ce da take shafar hukumar kula da muhalli da kamfanin inshora. Idan kika ga alamar yoyo, ki rufe bawul ɗin tankin nan take ki sanar da mamallakin gidan a wannan sa'ar. A inda bututun ya shigo gida kuma akwai wani bawul na kariyar gobara, wanda yake datse mai da kansa idan ya ji zafi ya yi yawa a jikin boila. Ki nuna wa mai gyara shi idan kin gan shi, amma ki bar masa ya duba dalilin da ya sa ya rufe, in har ya rufe.

Sai maganar mamallakin gidan, wadda na fahimci ita ce ta hana ki barci fiye da sanyin. Ki sanar da shi yau, a rubuce, ta saƙon waya ko imel, domin ya zama akwai shaidar rana da lokaci. Ba sai kin yi dogon ban-haƙuri ba. Ki ce man ya ƙare, an kawo lita 300 ranar kaza, bonar tana tsayawa da jan haske, kin gwada tayar da ita sau da yawa, akwai warin mai, akwai jaririya a gidan, kina neman ya turo mai gyaransa ko ya ba ki izinin kiran wani. Ki buɗe takardar yarjejeniyar hayarku ki karanta, domin da yawa daga cikinsu suna cewa idan ɗan haya ya bari mai ya ƙare shi zai biya kuɗin kiran mai gyara, kuma idan haka aka rubuta a taku, adalci ne ki biya ba tare da jayayya ba. Amma ki lura da bambancin da ke tsakanin biyan kuɗin fitar da iska, wanda aiki ne na ƙasa da awa guda a mafi yawan lokuta, da kuma a same ki kin taɓa injin da ba naki ba ba tare da izini ba, wani abu ya lalace. Na farkon ƙaramin kuɗi ne da za a manta da shi, na biyun kuwa shi ne yake cinye kuɗin ajiyar haya ya kuma ɓata zaman lafiya. Idan ya ƙi amsawa alhali gida ba ɗumi ga kuma jaririya, akwai ƙungiyar Housing Rights da ke ba 'yan haya shawara kyauta a Ireland ta Arewa, akwai kuma sashen kula da lafiyar muhalli na ƙaramar hukumarku. Ki yi amfani da wannan dama ki duba ko akwai na'urar gargaɗin kabon monoksaid a ɗakin da boilar take, domin tun daga ƙarshen shekarar 2024 doka ta wajabta wa masu ba da hayar gidaje a can su sanya ta. Idan akwai, ki danna maɓallin gwajinta ki ji ta yi ƙara.

Wanda za a kira ya kasance mai rajista da OFTEC, ƙungiyar da ke tantance masu aikin na'urorin ɗumama gida da mai a Birtaniya da Ireland, kuma a shafinsu na intanet ana iya neman na kusa da lambar unguwa. Ki kuma buga wa kamfanin da ya kawo miki man, domin wasunsu suna da masu gyara ko sun san na kusa. Ki tambayi kuɗin zuwa tun a waya. Idan ya zo, ki gaya masa adadin dannawar da kika yi ba tare da ragi ba, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan kika ce sau biyu alhali sau takwas ne, zai iya tayar da injin ba tare da ya leƙa ciki ba, kuma fuskarsa ce a kusa da wurin.

Ina so ki tsaya kusa da shi ki kalli aikin, ki kuma nemi ya nuna miki, domin ilimi ne da zai yi miki amfani muddin kina wannan ƙasa. Bayan ya tabbatar ɗakin wuta a tsane yake, zai nemi famfon, wanda ake gane shi da tiyon mai da ya shiga jikinsa. A yawancin boilolin da ake samu a gidajen Ireland, irin su Grant da Warmflow da Firebird, bonar kamfanin Riello ce a ciki, kuma notin fitar da iskarta da ɗan makullin nan mai kusurwa shida ake kwance shi, wanda makanikai suke kira alanki. Zai shimfiɗa tsumma, ya tara ɗan gwangwani a ƙasa, ya sassauta notin kamar rabin juyi ko juyi ɗaya ba tare da ya cire shi ba. Idan tankin ya fi bonar tudu, nauyin man kaɗai yakan isa ya turo iskar, idan kuma ba haka ba sai ya tayar da injin famfon ya ja. Za ki fara jin huci siriri kamar na tayar keke da ta yi faci, sai tofi-tofi, sai farar kumfa mai ƙananan ƙwayoyi tana tsartuwa a kan tsumman, daga ƙarshe kuma kananzir garai-garai ya zubo ba yankewa. A nan zai ɗaure notin, ya goge wurin tas, ya tayar. Bayan ƙugin fankar za ki ji wani sauti mai taushi kamar an buɗa babban bargo a iska, daga nan ƙugin ya yi kauri ya daidaita, jan hasken kuma bai dawo ba. Cikin minti ashirin ko talatin bututun da ke shiga ƙarafan ɗumama ɗakuna za su fara ɗumi a hannu. Akwai gidajen da aka sa musu bututu biyu, ko wata 'yar na'ura mai kama da kofin gilashi a bangon waje wadda ake kira Tigerloop, waɗannan sukan fitar da iskarsu da kansu. Ki tambaye shi wane iri ne naku.

Ki roƙe shi musamman ya nuna miki notin da ba a taɓawa. A jikin famfon, dab da na fitar da iska, akwai wanda ake daidaita ƙarfin matsin mai da shi, kuma a nan ne masu koyo daga bidiyon waya suka fi yin kuskure. Idan aka juya shi, wutar za ta iya kamawa lafiya lau a ido, amma ma'aunin mai da iska ya ɓaci, boila ta riƙa tara baƙar toka tana fitar da iska mai guba, kuma ba a mayar da shi daidai sai da ma'aunin matsi da na'urar auna hayaƙi. Idan wata rana hakan ta sake faruwa, Allah Ya kiyaye, sharuɗɗan da zan yarda ki yi aikin da kanki su ne mamallakin gidan ya amince, an riga an nuna miki notin a jikin injinku ba na wani ba, ba ki danna maɓallin fiye da sau ɗaya ba, babu wari babu yoyo, kin sa safar hannu kin kawar da fuskarki daga saitin notin, sannan idan kin gwada sau biyu bai tashi ba ki tsaya. Tsumman da ya jiƙe da mai a fitar da shi waje, wanda aka tara a gwangwani kuma kada a zuba shi a magudanar ruwa.

Kada ki yi mamaki idan ya ce sai ya sauya matata ko nozul, ba neman ƙarin kuɗi ba ne lallai. Tankin da ya shekara da shekaru yakan tara laka da tsatsa da ruwan raɓa a gindinsa, kuma a lokacin da mai yake gab da ƙarewa wannan dattin ne famfo yake zuƙowa. Sannan idan motar mai ta zo ta zuba sabo da ƙarfi a tankin da babu komai, sai ta dama lakar kamar an dama kunu. Shi ya sa ake kashe boila yayin zuba mai, a kuma bar shi ya kwanta na kamar awa guda kafin a tayar. Kafar nozul ba ta kai kaurin bakin allura ba, ƙwayar datti ɗaya ta isa ta toshe ta, kuma wannan ne dalilin da ya sa wata boilar takan tashi bayan an fitar da iska, ta yi kwana biyu, ta sake tsayawa. Ki tambaye shi yaushe aka yi wa injin sabis na ƙarshe, yawanci akwai takarda a manne a jikin murfin. Sau ɗaya a shekara ake yi, kuma a gidan haya wannan yawanci nauyin mamallakin gida ne.

Kafin a gyara, ki kula da bututun ruwa, domin gidan da ya kwana biyu ba ɗumi a tsakiyar hunturu ruwansa yana iya daskarewa ya fasa bututu. Ki nemi inda babban famfon datse ruwan gidan yake, galibi a ƙarƙashin wurin wanke-wanke na kicin, domin ki san inda za ki nufa idan ruwa ya ɓalle. Ki kuma duba ɗan kabad ɗin da tankin ruwan zafi yake ciki, idan gidan yana da shi, sau da yawa akwai makunnin hitar lantarki a wurin da zai ba ki ruwan wankan yara ba tare da boila ba.

Abin da zai hana a maimaita wannan shi ne lissafi, kuma lissafin mai sauƙi ne. Lita ɗaya ta kananzir tana ba da zafin da ya kai kimanin kilowat 10 na awa guda, saboda haka boila matsakaiciya mai ƙarfin kilowat 20 tana shan kusan lita 2 a kowace awa da wutarta take ci. Idan a ce a yini wutar ta ci na awa 6 jimilla, lita 12 ke nan, wato lita 300 ɗin da kika saya ba za ta kai wata guda cikakke ba a irin wannan sanyi. Ki ƙara da cewa bakin bututun yana ɗan sama da gindin tanki, da gangan aka yi haka domin laka ta zauna a ƙasa, saboda haka boila takan tsaya alhali idan an leƙa ana ganin sauran mai. Za ki iya jin wani ya ce a tokare bayan tankin da bulo domin ragowar ta gangaro. Kada ki yarda, domin lakar ce za ta gangaro, tankin roba kuma yana iya tsagewa ko bututu ya karye. Ki samu sanda mai tsabta doguwa, ki tsoma ta a tankin kowace Juma'a, ki yi alama da biro a inda man ya tsaya, da mako biyu za ki san ainihin abin da gidanku yake sha. Siririn bututun gwajin da ke gefen wasu tankuna yakan yaudari mutum idan ba a ja ɗan bawul ɗinsa ba, domin sai ya ci gaba da nuna tsohon ma'auni. Akwai kuma na'urar da ake ɗaurawa a saman tanki, irin su Watchman da Apollo, mai aiko da ma'auni zuwa wani ɗan allo da ake jonawa a soket a kicin. Da zarar man ya sauko kashi ɗaya cikin huɗu na tanki ki yi oda, domin a makon da ake tsananin sanyi motocin mai sukan ɗauki kwanaki kafin su iso. Jarkokin lita 20 da ake sayarwa a gidajen mai na gaggawa ne kawai, kuɗin litarsu ya fi na mota sosai, kuma jarka ɗaya ba ta wuce awa 10 na cin wuta.

Ta fuskar kuɗi, hukumar kare masu sayayya ta Ireland ta Arewa, wato Consumer Council, tana wallafa matsakaicin farashin lita 300 da 500 da 900 a kowane mako a shafinta, kuma za ki ga cewa duk yadda odar ta ƙaru kuɗin lita yana sauka. Hukumar gidaje ta Housing Executive tana da tsarin haɗa odar gidaje da yawa domin a samu rangwame, shiga kuma kyauta ne. A wasu ƙananan hukumomi ana sayar da kan sarki na tara kuɗin mai a shaguna, ana liƙawa a kati kaɗan-kaɗan kamar adashi har lokacin saye ya zo. Idan abin ya yi tsanani, ƙungiyar agaji ta St Vincent de Paul takan taimaka wa iyalai da mai ba tare da duba addininsu ba. Sai dai kafin ki nemi kowane tallafi na gwamnati ki duba sharaɗin bizarku, domin da yawa daga cikin masu bizar aiki ko karatu an hana su cin kuɗin tallafin gwamnati, kuma ƙungiyar Advice NI za ta iya fayyace miki wanne ya halatta gare ku.

Maigidanki kuma ki gaya masa. Na fahimci tausayin da ya sa kika yi shiru, kuma niyya ce mai kyau, amma mutumin da ya bar jaririya a ƙasar sanyi hankalinsa yana kanku ko kin faɗa ko ba ki faɗa ba, kuma zai fi jin ciwo idan ya dawo ya ji labarin daga bakin mamallakin gida. Ki bari sai kin aika saƙon kin kuma samu lokacin da mai gyara zai zo, sannan ki kira shi ki ce ga abin da ya faru, ga matakin da kika ɗauka, yara suna ɗaki ɗaya da hita suna cikin ƙoshin lafiya. Ki tambaye shi ranar da aka zuba mai na ƙarshe da yawan litar da aka zuba, domin da wannan ne ke da mai gyaran za ku gane ko man ya ƙare a kan lokacinsa ne ko kuwa akwai yoyon da ya kamata a bi sawunsa. Wataƙila ma lambar wanda ya saba yi wa boilar sabis tana cikin wayarsa.